Layin da Bai Kamata Ya Fito Ba

Litinin, 3 ga Maris

Uwar Iyayi, abokiyar aikina a ɗakin bincike, ta sake yi min. Yau na gabatar da aikina gaban Farfesa da 'yan ɗakin bincike, aikin shekara uku cur a kan ƙofar kalsiyam, wadda ke buɗewa idan lantarkin jijiya ya motsa. Na nuna tana ƙaruwa a ɓerayen da ke fama da ciwo. Antibodina, sinadarin da nake gano ta da shi, yana kama ƙofar, sai baƙin layi ya fito a fim, tar da shi. Farfesa har yana gyaɗa kai. Sai ta ɗaga siririn yatsan nan nata: "Kin gwada shi a ɓeran da aka cire wa ƙofar?" Na ce kamfanin da ya sayar mana ya gwada. Ta taɓe baki, wai "Kamfani kuma." Na tsani matar nan, kuma ba zan nemi gafarar rubuta hakan ba.

Talata, 4 ga Maris

Teburinmu ɗaya. Ta manna salatif a tsakiya, wai kwalabena suna shiga gefenta. Na ƙara tura mata biyu.

Alhamis, 6 ga Maris

Baba ya kira. Tun yanzu "Dakta" yake ce min. Ya gama shelanta wa abokan hirarsa cewa a watan Yuni zan kare kundina, har ya kai ɗinki. Na ce Baba a bari a gama tukuna. Ya ce, "To me ya rage?"

Juma'a, 7 ga Maris

Farfesa ya bi bayanta, wai sai an yi gwajin kafin a tura takardar bincikena mujalla. Kuma duk ginin nan ita kaɗai ke da naman jijiyar irin waɗannan ɓerayen a firiza. Ta kawo min ɗan mitsitsi a kan ƙanƙara, da rubutunta mai kyau mai ban haushi a jikin kwalbar. "Ki bi a hankali, saura kaɗan." Kamar yau na fara sa farar riga.

Laraba, 12 ga Maris

Layin ya fito. A ɓeran da ba shi da ƙofar. Baƙi ƙirin, a daidai wurin, har ya fi nawa kauri. Wato antibodin wani abu daban yake kamawa, kuma Allah kaɗai ya san abin da na yi shekara uku ina aunawa.

Naman ta musanya min. Za ta aikata.

Alhamis, 13 ga Maris

Na bincika naman da kaina. Ba ta musanya ba. Na so a ce ta musanya.

Asabar, 15 ga Maris

Ba kowa a ɗakin sai ƙugin firiza. Layin yana can bakin fim, a gefen dama. Yanka ɗaya da almakashi, in ce naman ya lalace, ita kuma ba za ta so ta ba da wani ba. Yuni na nan daram. Sau biyu na ɗauki almakashin. Na zauna ina kallon fim ɗin har ƙafata ta yi tsami, sannan na mayar da shi aljihun tebur ban taɓa shi ba. Ba tsarkin zuciya ba ne, hannuna ne ya ƙi.

Litinin, 17 ga Maris

Na ajiye wa Farfesa fim ɗin yadda yake. Ya cire tabarau ya murza ido, ya ce sai na ƙara shekara guda, in an yi sa'a.

A wurin wanke kwalabe Uwar Iyayi ta same ni. Na shirya mata amsa mai zafi, sai ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Nawa shekara biyu ya ci. Ni takardata ta riga ta fita, janye ta aka yi. Ba wanda ya yi min irin wannan tambayar." To sai me? Da ta ja ni gefe ta faɗa min mana. Sai a gaban jama'a, da yatsa a sama.

Laraba, 19 ga Maris

Na kira Baba. "Baba, ba bana ba." Na yi masa bayanin kuskuren. Can ya ce, "Ke kika gano kuskuren?" Na ce wata ce. Ya ce in gaishe ta. Na yi kuka bayan mun gama, ban kuma gaishe ta ba.

Lahadi, 23 ga Maris

Sababbin antibodi uku sun iso, gobe za a gwada su. Ta ba ni ragowar naman gaba ɗaya, wanda ta ɓoye wa nata aikin, tana ta surutu a kan yadda zan narkar da shi. Har yanzu muryarta na ci min rai. Ta ce ƙarfe bakwai, zan je bakwai saura kwata don kada ta sami abin faɗa.

Na sa kofi biyu a jaka. Ɗayan ko da nawa zai fashe ne.