Motar Hajiya Ba Ta Sayarwa Ba Ce

'Yar'uwarku Hafiza ta sauka lafiya! Mace ce, jawur da ita, gashi cike da kai, kuma a motar nan da kuke ta rigima a kanta aka kai uwarta asibiti. Na yi sabuwar amarya, ni da nake zaton na gama.

Af, ko sallama ban yi ba. Assalamu alaikum, 'ya'yana. Ni ne mahaifinku, Alhaji Rabo na Kankara. Ina rubuta wannan wasiyya cikin hankalina, ba wanda ya sa ni, kuma da hannuna. In kun ga layi ya karkace ku yi haƙuri, sai da na yi furfura na shiga ajin yaƙi da jahilci, bayan an tashi daga kasuwa. Likita ya ce zuciyata ta gaji. Ƙafafuna ma sun riga shi faɗi. Ban tsorata ba, na dai ga gara in yi maganar nan yau da nake cikin farin ciki.

Na ɗaya. Gonakin Mabai da shanun da ke Yargoje da wannan gida, a raba su yadda Allah ya ce. Ba ni da ta cewa a nan.

Na biyu, motar nan mai lantarki. Kun san asalinta. Mas'ud ne ya sayo wa mahaifiyarku, Hajiya Suwaibatu, daga Kaduna, lokacin da ƙirjinta ya daina jure warin fetur. Ya sa aka jera farantan sola a kan kwanon gidan nan don a riƙa yi mata caji. Ranar da ta fara shiga, sai da muka kusa fita gari ta tambayi Malam Sanusi, maƙwabcinmu da ke tuƙa mu, wai yaushe zai tayar da motar. Ta yi dariya har da hawaye. Da Allah ya karɓi abarsa, kuka yafe mini rabonku, motar ta zama tawa, ni da idona bai kai na tuƙi ba.

Daga nan shawara ta rabu. Kai Mas'ud, ka ce batirinta ya fara sanyi, a mayar wa dillalai a yi ciko a karɓo sabon samfuri, mai tafiya da nisa, mai cika kafin a gama shan shayi. Kai kuma babban ɗana, Muhammad Awwal, wanda ban taɓa kiran sunansa da bakina ba sai yau a rubuce, ka ce motar birni ce, babu makaniken da ya san cikinta daga nan har Sabuwa, a sayar a sayi a-kori-kura ta kwasar masara. Kowa a cikinku yana da gaskiyarsa. Amma kun yi ta ja har maganar ta bar mota ta koma wa ya fi wa ɗawainiya da iyaye. Kuka daina gaisawa. Kuka daina zuwa gida, don kada ku haɗu.

Ba ƙorafi nake yi ba, amma ku san yadda gidan nan ya zama. Ni ne da Goggo Mero, ƙanwata, ita kuma kunne ya yi nauyi. Ana kawo tuwo in ci ni kaɗai a zaure. Tun da hanyoyi suka zama abin da suka zama, baƙon la'asar ya ƙare. Kuna bugo waya, Allah ya yi muku albarka, amma waya ba ta zama a kan tabarma. Wani yammacin nakan buɗe motar in zauna a kujerar Hajiya, ba inda za ni. Har yanzu akwai ɗan ƙamshin turarenta a ciki.

Sai Hafiza ta zo goyon ciki daga Faskari. Ranar da naƙuda ta kama ta Malam Sanusi ba ya gari, Allah ya sa babban yayanta ya shigo cin kasuwa. Shi ya kai ta asibiti a motar da yake kira kayan ado. Shi ya je Faskari ya ɗauko surukarta, ya zaga Yargoje ya sanar da dangi. Washegari ya so ya tafi da ita Sabuwa ya ɗauko iyalinsa, sai ya tarar batir ya kusa ƙarewa. Ya sa mata caji, yana ta duban agogo, yana cewa wannan wace irin jarabar mota ce. Rana kuwa ba ta sauri don kowa. Ya gaji da tsayuwa ya zauna. Muka ci fura tare. Ya gyara mini ƙofar rumbu, ya yanke mini farce, muka yi azahar sahu ɗaya, ya ba ni labarin 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya. Rabon da in yi wuni irin wannan tun Hajiya tana da rai.

A ranar na yanke shawara.

Na uku. Motar ba za a sayar ba, ba za a canza ta ba. Na mayar da ita waƙafi tun ina raye, na kuma tambayi liman, ya ce ya halatta. Ta mai naƙuda ce da marar lafiya, namu da na unguwa, da duk wanda zai je zumunci. In batirin ya mutu, ku haɗu ku canza batirin, ku bar motar.

Na huɗu. Mas'ud, na'urar caji mai sauri da ka ce za ka kawo, na gode, kada ka kawo. Farantan solar nan su zauna inda suke, wanda gidan ya faɗa a rabonsa ya bar ƙofar rumfar motar a buɗe. Duk wanda ya ɗauki motar, nan zai dawo da ita, kuma ba zai tafi ba sai ta cika. Ya zauna da wanda ya tarar. Yau ni ne, gobe Goggo ce, jibi ɗayanku ne, don ku ma za ku tsufa, za ku san tsawon wuni.

Na biyar. Goggo Mero ba ta da kowa sai ku. Ku riƙa ɗaga murya in kuna yi mata magana, ba ta son a gane ba ta ji ba.

Na shida, kuma shi ne nake so a yi tun ina gani. Suna ranar Alhamis ne. Mas'ud, kada ka zo da motarka. Ka hau ta haya ka sauka a Funtua da hantsi, yayanka zai je ya ɗauko ka a motar Hajiya. Na san me nake yi. Ba ta da ƙarar inji da za ku ɓuya a bayanta, kuma na sa Malam Sanusi ya kashe rediyon yadda ba ku iya kunnawa. Ko ku yi magana, ko ku ji numfashin juna har Kankara. In kun iso ba a gama ba, batir zai nemi caji, tabarma tana nan.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku, ya ba ku masu zama da ku in kun tsufa. Ya jiƙan Hajiya. Mijin Hafiza ya raɗa mini sunan da ya yi wa jaririyar huɗuba da shi, ba zan faɗa ba, amma da na ji sai da na juya fuskata bango.

Ku zo ku gan ta. Ku zo da matanku da 'ya'yanku, na Sabuwa da na Kaduna da na Faskari, kada a bar kowa. Ku zo ku ga hancinta, ku gaya mini in ba na Hajiya ba ne. Na sa an share ɗakuna duka.