Kundin Baba a Gidan Tarihi

Yayata abin alfaharina,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ki, da maigidan da yara duka. Ya ƙafar taki? Ina fatan kin daina hawa benen nan yin shanya, kin bar wa 'yan matan.

Na samu saƙonki cewa ranar Asabar za ki kawo jikoki gidan tarihi su ga kayan Baba. Don Allah ki ɗaga zuwan tukuna. Ana ɗan gyara a ɗakinmu na tarihin takarda da ɗab'i, ƙura ko'ina, kuma kin san ƙirjinki. Injin ɗab'in Baba yana nan ƙalau, jiya ma na shafa masa mai. Har yanzu in na taka shi sai ya yi tarin nan nasa na tsohon mashayin taba. Baƙi sun fi tsayawa a kansa fiye da rariyar tace takarda da allunan sassaƙa da aka kawo daga nesa.

In an gama gyaran zan sanar da ke. Ki gaida kowa.

Ƙaninki,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyar gida. Ni jikina lafiya, sauran kuma ga shi.

Ƙarya na yi miki a waccan wasiƙar. Ba gyara ake yi ba. Bututun ruwa ne ya fashe a cikin silin, daidai saman akwatin gilashin da muka sa kundin Baba, inda yake manna samfurin kowane aiki da ya buga, yana rubutu a gefe da hannunsa. Ranar Litinin da safe na buɗe ƙofa, ruwa ya shafe mini idon sawu. Tun daren Asabar yake zuba, ba kowa a ginin.

Ba zan ce ban sani ba. Wata uku ina kallon tabon danshi yana faɗi a silin. Sau uku na rubuta wa shugaba, sau uku aka ce ana dubawa. Makullin akwatin yana aljihuna, Yaya. Da na ɗauke kundin na kai wani ɗaki, shi ke nan. Amma doka ta ce ba a motsa kaya sai da sa hannu, ni kuma tsoho ne da aka taimaka aka ba shi aikin yi wa baƙi bayani, na ji tsoron a ce na cika zaƙewa.

Akwai abin da ya fi wannan. Da na gan shi ya kumbura kamar burodi, hankalina ya gushe. Na ɗauke shi na fita da shi rana, ina ɓamɓare shafukan da yatsa don su sha iska. Da malama mai gyaran tsofaffin takardu ta iso ta same ni a tsakar gida, sai ta dafe kai. Ba ta yi mini faɗa ba. Cewa kawai ta yi, “Baba, da ka bar shi a rufe, da mun ceci rabi.”

Shekara ashirin da shida kina ajiye da shi a ƙasan akwatinki, naɗe da zanen Inna. Kin sauya gida sau uku, ko kusurwarsa ba ta lanƙwashe ba. Ni na zo na cika ki da surutu, wai a gidan tarihi akwai masana, wai gara za ta cinye shi a hannunki. Kin ce ranki bai kwanta ba, na ce miki ƙauyanci ne. Wata takwas kacal ya yi a hannunmu.

Ban san da wane baki zan nemi gafara ba, amma ina nema.

Ƙaninki,
Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa, ina fatan ƙafar da sauƙi. Mako uku ke nan ban ji daga gare ki ba, kuma ban ga laifinki ba. Shekaranjiya na zo har ƙofar gidanku, na ji muryarki kina kiran yara su kwashe kwanuka, na juya.

Malama ta gama abin da za ta iya. Shafi goma sha ɗaya ta raba lafiya cikin ɗari biyu da wani abu. Katunan da Baba ya buga suna nan ana karanta su, domin tawadar inji ba ta jin ruwa. Rubutun hannunsa ne ya tafi. Katin aurensa da Inna ya tsira, amma abin da ya rubuta a ƙarƙashi, wanda kike hana ni karantawa muna yara, ya zama shuɗin tabo. Sanarwar sunana ma haka.

An rufe ɗakin. Sun lulluɓe injin da tamfol sun tura shi sito, haruffan dalma kuma an juye su a bokiti uku, manya da ƙanana a cakuɗe. Da idona na da, sai in ware su cikin wata guda. Yanzu ko “b” da “d” ba na bambancewa sai da tabarau biyu. Ni an mayar da ni bakin ƙofa ina nuna wa mutane hanyar bayan gida. Kwamiti ya zauna, an ce ba laifin kowa ba ne. Na so a ce nawa ne, ko na samu wanda zan ba haƙuri a can.

Na zauna in rubuta abin da na tuna na maganganun Baba a kundin. Layi huɗu na samu, su ma ban tabbata ko nasa ba ne ko ni na ƙirƙira. Ni injin na sani, ke kika san kundin. Babu wanda ya rage da ya karanta shi daga farko har ƙarshe sai ke.

Na saka miki farar takarda guda goma a cikin ambulan ɗin nan. In zuciyarki ta yarda, ki rubuta duk abin da kika tuna, ko ba a jere ba. In kin gama ki ajiye a wurinki. Ko na roƙa, kada ki ba ni.

Allah ya ƙara miki lafiya, ya jiƙan Baba da Inna.

Ƙaninki,
Auta