Muryar Inna a Cikin Na'ura

Yaya Habibu, assalamu alaikum. Ina lahiya, ina aiki, ina baƙunta? Yaya Ramatu da yara? Mu nan Malanbil lau, sai kewarku.

Yaya, na yi ɓarna. Na'urar kiɗanka mai tarin wayoyi da ka bar mini, na gano yadda take daddatsa sauti ƙanana-ƙanana kamar tsakin kaji ta watsa shi. Na gwada da hayaniyar kasuwa, ya yi daɗi, sai na sa mata kaset ɗin marigayiya Inna, wanda take yi maka addu'ar tahiya. Da zan naɗi abin da ya hito, na manta ban canza kaset ba. Addu'ar ta goge, sai ɓarɓashin murya.

Baba ya jiyo daga zaure, ya shigo. Cikin gunjin nan ya tsinci sautin tarin Inna. Ya zamna ya ce, "Ita ce. Haɗa mini ita, Sani, in ji mi take cewa."

Na ce mishi sai gobe. Kullum shina tambaya, kullum ina cewa gobe.

Ka yahe mini. Ka gaida Ramatu. Ka sa ni addu'a, kuma in kana tune da kalmomin Inna, don Allah ka aiko mini su. Nan babu su kuma.

Ƙanenka, Sani