Jirgin da Goggo Ta Gane

Zuwa ga Lubna, sanyin idona, ruwan farko a kan gonar da ta gaji da jira, inuwar tsamiya ga wanda ya kwaso rana tun daga Kiru, kindirmon da ba a taɓa surkawa ba.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya daɗe bai ga abin da yake so ba. Ina gaida ɗalibanki na Riruwai, amma ban gaida duwatsun garin ba, don su suka ɓoye min ke, suka kuma hana kirana shiga wayarki. Shi ya sa na koma ga takarda da biro kamar mutanen da.

Ki gyara zama, masoyiyata, domin yau da kai a sama nake rubuto miki. Ba zan yi miki kunyar ƙarya ba. Na yi abin kirki, na san na yi, kuma ina so ki ji daga bakina kafin Sha'aibu direba, wanda zai miƙa miki takardar nan, ya cika wa labarin gishiri.

Kin tuna yammacin nan a ƙofar gidanku a Ƙafin Maiyaki, shanu suna dawowa, kina wasa da gefen mayafinki? Ranar na ce miki zan turo magabatana. Kika ce maganar ba ta hannun Baffa Mainasara, tana hannun Goggo Hasana, ƙanwar kakanki da ta goya ki tun rasuwar mahaifiyarki. In ba ta ce to ba, ke ma ba za ki ce ba. Kika ba ni labarin samarin da suka riga ni, yadda take zaunar da kowa ta ɗauko masa labarin jirgi, shi kuma sai hamma, sai leƙen waya, ita kuwa ko da idonta ya tafi kunnenta yana nan, sai ta ce a ba shi ruwa ya kama hanya.

Ni ma na zauna na ji. Yadda iyayensu suka ɗauke su, ita da Usainarta, suka nufi Makka a ƙafa. Yadda suka yi shekaru a hanya, a tsaya a yi noma a ƙara gaba, har suka kai Sawakin a bakin Bahar Maliya. Yadda suka shiga jirgin katako marar inji, wanda mutanen can suke kira sambuk, babu abin da ke tura shi sai zane da iska. A tsakiyar ruwa iska ta ɗauke, ruwan sha ya yi ƙasa, zazzaɓi ya kama Usaina. A cikin jirgin aka yi mata salla, aka sa ta a ruwa. Su biyu suka shiga, Goggo ita kaɗai ta taka ƙasar Jidda. Yaran gidanku kuwa dariya suke yi, wai ina aka taɓa tuƙa jirgi da zane.

Da kika rako ni, sai kika ce da ma ki ga jirgin nan ko sau ɗaya, ki san inda Goggo take tafiya idan ta yi shiru. Lubna, kin san abin da kika yi min da wannan maganar? Kin faɗe ta a gaban Alkasim kafinta, ɗan masassaƙi, jikan masassaƙi, wanda har yau ana daka a turamen kakansa daga Bebeji har Tudun Wada! Ta yaya zan ji burinki ya faɗo a gabana in tsallake shi in wuce?

Jirgin farko kin gan shi da idonki. Hoto na samo a waya, na yi ƙaton abu mai sanduna uku, da zannuwa jere kamar ranar wanki, da tagogi, da fenti. Mutanen Kiru har layi suka yi a ƙofar shagona. Na ɗauko shi a bayan acaɓa ina jin kaina kamar ango. Goggo ta shafa shi daga kai har gindi, ta ture shi gefe, ta ce, "Wannan benen Turawa ne. Kafinta, labarina ka ji ko na wayarka?" Kika toshe baki da mayafi kika shige ɗaki. Kada ki ce ba dariya kika yi ba, na ga kafaɗunki suna rawa. Na ji zafi ranar, na kuma ji haushinki har na isa gida.

Sai aka tura ki koyarwa Riruwai, kika tafi da hasken garin. Ni kuwa kowace ranar kasuwa in rufe shago, in je in durƙusa in gaida Goggo, in ajiye waya a aljihu, in buɗe kunne. Ba ni da zane, ba ni da awo, sai bakin tsohuwa. Na tambaye ta tsawon jirgin, ta ce daga ƙofar ɗakinta zuwa turken jan bijiminku. Na taka wurin, na mai da kowane taki faɗin yatsu biyu, jirgin ya fito ya ɗan fi tsawon hannuna. Sandar tsakiya ɗaya ce, ta ce, kuma ba a miƙe take ba, ta karkata gaba kamar dattijo zai yi ruku'u. A jikinta aka rataye wata doguwa a gicciye, zanen kuma kusurwa uku, kamar ɗankwali in an ninka shi. Akwai akwatin yashi da ake hura wuta a kai. Akwai wani akwatin da aka ɗaure a waje, yana lilo a kan ruwa, nan ake kewayawa. Da ta zo nan ta yi dariya har da tari, ta ce Usaina ba ta taɓa yarda ta shiga ba sai an riƙe mata hannu.

Jirgi na biyu ya yi kyau, amma na yi masa gindi a baje irin na kwalekwalen Tiga, don shi kaɗai na taɓa shiga a rayuwata. Na kai shi bakin dam na ɗora a ruwa. Iska tana taɓa zanen ya kwanta a gefe ya sha ruwa ya ƙoshi. Ɗanasabe masunci, abokina, ya yi ta dariya har ya kusa faɗowa daga nasa, ya ce in yana da irin wannan jirgi gara ya koma noma. Baffa Mainasara da ya ji labari ya ce shi bai ga abin da za a yi da ƙato mai gemu da ke wasan yara ba.

Na koma wurin Goggo na tambaye ta yadda ƙasan jirgin yake. Ta ce ita ina ta sani, yarinya ce, a ciki aka ajiye ta, ba ta taɓa ganinsa ta waje ba. Na ce to, idan ta kwanta me take gani? Ta ce ai ta sha gaya min, a cikin saniya suka kwana. Gaskiya ne ta sha faɗa, ni na ɗauka salon maganar Fulani ne kawai. Ranar na bar gidanku na wuce kai tsaye rumfar mahauta. Na tsaya a gaban saniyar da aka feɗe aka buɗe, na ƙura mata ido har mahautan suka fara tambayar ko lafiya. Ga ƙashin baya guda ɗaya, mai kauri, a ƙasa. Ga haƙarƙari sun taso daga jikinsa hagu da dama, sun lanƙwasa sun rungume ciki. Wallahi, Lubna, cikin jirgin ne a gabana. Shekara da shekaru tsohuwar nan tana faɗin yadda ake gina jirgi, babu wanda ya saurara.

Yanzu bari in yi fahariyata, ki yi haƙuri ki ji. Ƙashin bayan da itacen ƙirya na yi shi, don nauyinta da taurinta. Haƙarƙarin ban yanko su daga katako ba, na bi bakin rafi ina neman 'yan rassan da Allah ya halitta a lanƙwashe, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da abokinsa. Na tsaga maɗaci siriri kamar farce, in jiƙa a ruwan zafi, in lanƙwasa a hankali, in ya karye in sake. Babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa, da tsinken gora na kafe kowane falle. Na cusa auduga da ƙaro a duk wata kafa. Igiyoyin da rama na murza su a cinyata har fatar ta yi ja. Zanen akoko ne, ƙyalle-ƙyalle na haɗa shi da allura, ni da ban taɓa ɗinke ko maɓallin rigata ba. Na zuba tsakuwa a cikinsa, don Goggo ta ce a kan duwatsu aka shimfiɗa musu tabarma. A ƙarshe na karɓo man kifi wurin Ɗanasabe na shafe katakon, don ta ce warin da ya fi zama mata a hanci ke nan. Innata ta kore ni da shi daga tsakar gida, ta ce ko ni ko jirgin.

Kuma a duk wannan aiki, wa kike tsammani nake gani? Kowane haƙarƙari da na kafa, sunanki na kira. Idan yatsana ya fashe, in ce na Lubna ne. Idan kewarki ta taso min har zarto ya yi min nauyi, sai in tuna kin ce kina so ki ga inda Goggo take tafiya, in share gumi in ci gaba. Ke kina can kina koya wa yara karatu, ba ki san akwai wani a Kiru da ya rame a kan igiyar rama saboda ke ba.

Na mai da shi Tiga. Na ɗora shi a ruwa. Iska ta zo ta cika zanen, ya ɗan karkata, sai ya miƙe ya tsaga ruwa ya tafi. Ya tafi, Lubna! Babu inji, babu sandar tuƙi, babu mai turawa. Ɗanasabe ya bi shi da kwalekwale yana kabbara, da kyar ya kamo shi. Ni ɗan Kiru, da ban taɓa ganin teku ba, na gina jirgin teku ya yi tafiya.

Amma ba Tiga ce alƙaliyata ba. Shekaranjiya na kai shi gidanku. Goggo tana kan tabarma a ƙofar ɗaki, Baffa yana gefe yana gyaran igiyar shanu. Na ajiye shi a gabanta. Kafin ta taɓa shi ta ɗaga kai ta shaƙi iska, fuskarta ta canza. Ta kai hannu ta sami sandar da ta karkata, ta bi zanen har kusurwarsa, ta sami akwatin da ke lilo ta yi murmushi. Sannan ta zura yatsu ciki. Ta fara bin haƙarƙarin daga gindin sanda tana yin baya, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, har ta tsaya a tsakanin wasu biyu. Ta daɗe a nan. Yaran da suka saba dariya suka matso suna leƙe.

Ta ce, "Nan ne."

Ta kwance bakin zanenta ta fito da dabino biyu, ta ɓare, ta ba ni naman, ta ɗauki ƙwallayen ta kwantar da su gefe da gefe a wurin. Baffa Mainasara ya ajiye igiyarsa ya juya baya, ya daɗe yana gyaran hular da babu abin da ya same ta. Ni kaina ban ga komai sosai ba, idona ya cika.

Can ta ce, "Kafinta, ka ce wa mutanenka su zo. Amma sai an kai ni bakin ruwa tukuna, Lubna tana gefena. Wannan karon ni da Usaina, mu biyu za mu sauka."

Kin ji, ya hasken gidanmu na gobe. Goggo ta ce to. Saura taki, kuma ba zan tura kowa ba sai na ji ta daga bakinki, don ba Goggo zan aura ba, ko da yake ta ce in kika yi nawa ita tana ciki. Ki zo ranar Asabar, ina roƙonki. Sha'aibu zai bar miki kujerar gaba. Kada ki ce sai hutu, Lubna. Ƙarfin Goggo ba kamar lokacin da kika tafi ba ne, kuma ta daɗe tana jiran wannan tsallakawa fiye da yadda na jira ki.

Na riga na zaɓi wurin, wata 'yar kwana a bakin dam inda ruwa ya shigo tsakanin tudu biyu. Na murza igiya doguwa, wadda za ta kai har ɗaya gefen. Goggo za ta riƙe bakinta don ta ji jan iska a tafin hannunta, ke ki riƙe Goggo, ki zama idonta, ki riƙa gaya mata inda ya kai. Ni kuma zan zagaya can tsallake, in naɗe wando in shiga ruwa har gwiwa in jira. Ko iska ta ɗauke ba zan fito ba. Zan tsaya har ya iso hannuna, in ɗaga ƙwallayen nan biyu sama, ki gani, ki gaya mata sun sauka.

Yadda zan tsaya a ruwan nan, haka zan tsaya miki muddin ina numfashi.

Naki, jiya da yau da ranar da gemun nan zai yi fari,
Alkasim kafinta, Kiru.