Zoben da Keken Ɗinki Ya Ci

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidan da yara. Ya jikin Mama? Allah ya ƙara sauƙi.

Na bi shawararki na koma takarda, tunda kin ce murya a waya firgita Mama take yi, har ta riƙa leƙa bayan kujera tana neman mai magana. Ki karanta mata inda ya dace, ki tsallake sauran.

Aiki dai kin san shi. Kamfani na ta yawo da ni daga reshe zuwa reshe ina koya wa ma'aikata sabuwar na'ura. Ɗakin da nake yanzu gado ne, kujera ɗaya, butar lantarki, sai taga mai kallon bangon wani gini. Ranar hutun da ta wuce ban buɗe baki ba sai da mai shara ta shigo na ce mata sannu, ita ma ba ta jin yarena. Ni da kuke cewa bakina ba ya hutawa, ga shi ya huta har ya gaji.

Kin tuna zoben azurfar Mama da aka yanke a asibiti lokacin da hannunta ya kumbura, kika ba ni kika ce in nemi mai gyara? Yana cikin jakata tun ranar. To jiya ina yawon kashe lokaci a wani lungu na ji ƙarar guduma. Na leƙa, ashe shagon ƙira ne inda ake koya wa matafiya su yi zobe da hannunsu. Mai shagon tsohuwa ce, gajera, yatsunta duk tabon ƙuna. Na shiga na sa sunana.

Yaya, kowa a wurin da abokinsa ya zo. Miji da mata, saurayi da budurwa, wannan na auna yatsan wancan suna ta dariya. Da tsohuwar ta zo kaina ta duba kujerar da ke gefena, ta ga babu kowa, sai ta janye ta a hankali ta kai bango. Wallahi da ta bar ta ma ya fi mini sauƙi.

Na fito da zoben na nuna mata. Ta juya shi, ta juya shi, ta nuna kanta ta girgiza kai, sannan ta nuna ni. Wato ni zan gyara, ita koyarwa ce tata. Zan koma ranar hutu mai zuwa.

Ki gaya wa Mama Auta ce za ta gyara mata zobenta. Ki faɗi sunan da kyau. Ranar da zan taho kin ji abin da ta ce: “A ba baƙuwa ruwa kafin ta tafi.” Na yi dariya a gabanku, amma a mota ban yi ba.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Mun amsa gaisuwa. Kowa lafiya, Mama da sauƙi, ni ce dai a gajiye.

Ke da ko allura ba ki iya zura wa zare ba, yau ke ce maƙeriya? To Allah ya sa kar ki ƙone wa mutane shago.

Amma ki yi sauri, don maganar zoben nan ta fara fin ƙarfina. Kumburin ya saɓe, kuma tun da ya saɓe take nemansa. Ta ɗaga katifa, ta zazzage kwandon wanki, ta buɗe firij. Shekaranjiya a gaban maƙwabciya ta kama hannuna ta ce, “Ke ce mai aikin da ta sace mini zobe.” Ni, Auta. Ni da nake mata wanka, nake yanke mata farce. Na san ciwo ne ke magana, likita ma ya faɗa, amma sanin bai hana ni shiga banɗaki na yi kukana ba.

Abinci ma yanzu sai da lallashi. Takan zauna tana murza gindin yatsan da babban yatsanta, ta murza, ta murza, har wurin ya yi ja.

Na karanta mata takardarki. Ta karɓa, ta ninke ta huɗu, ta sa ƙarƙashin filo. Na ce Auta ce ta aiko. Ta ce, “Madalla.” Ban sani ba ko ta gane, kuma ba zan yi miki ƙarya don ki ji daɗi ba.

Kina cewa ɗakinki shiru. Ni gidana cike yake da mutane, amma babu wanda zan ce wa “ka tuna lokacin da Mama ke kaza” ya ce ya tuna. Ke kaɗai ce, ke kuma kina can.

Ki ci abinci, na san halinki.

Yayarki

*

Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma ba ki haƙuri kan abin da Mama ta faɗa. Na karanta wurin na kasa wucewa.

Ga zobe nan a cikin ƙaramin akwati, na naɗe shi da auduga. Ki buɗe a hankali.

Bari in ba ki labari, tunda ba ni da wanda zan ba. Ashe azurfa taurin kai gare ta kamar Mama: in ka yi ta dukanta sai ta ƙi lanƙwasuwa, dole ka gasa ta da wuta ta yi laushi sannan ku shirya. Na riƙe bututun wuta na gasa zoben. Na haɗa bakin da aka yanke, na ɗora ɗan mitsitsin azurfa a kai, ina kallo ya narke ya shige tsagar. Na tsoma a ruwa ya yi cuu. Na waiga in nuna wa wani, sai na tuna ni kaɗai ce.

Kin lura gefe ɗaya na zoben ya cinye, ya yi fale-fale kamar an daddanne shi? Tsohuwar ta nuna mini wurin da farce, ta ɗaga gira, alamar a bar shi ko a cike. Na ce a cike mana. Ina dalilin mayar wa Mama abu da rauninsa? Ta kalle ni jim, ta ɗaga kafaɗa, ta miƙo mini guntun azurfa. Na ƙara masa, na zura shi a sandar ƙarfe na yi ta bugu da gudumar katako har ya zagaye daidai. Na goge da magagari, na bi da takarda mai yashi, na kai shi injin gogewa. Yaya, da ya fito har fuskata na gani a ciki. Sabo fil, ya fi ranar da Baba ya sayo shi.

Na ƙone babban yatsana, amma kaɗan ne, kar ki yi mini dariya.

Gobe za su wuce da ni wani garin, adireshin yana bayan takardar. Ki sa mata da kanki. Ki ce Auta ce ta yi da hannunta. Ki dubi fuskarta da kyau ki rubuto mini duk abin da kika gani, kar ki rage komai.

Taki,
Auta

*

Auta,

Gaisuwa. Kin ce kar in rage komai, to ba zan rage ba.

Na yi mata wanka, na shafa mata mai, na zaunar da ita a kujerar bakin taga, sannan na buɗe akwatin. Ta miƙo hannu da kanta. Ya shiga daidai. Ko kallonsa ba ta yi ba, sai ta kai babban yatsanta ta ciki ta fara lalube. Ta juya zoben, ta lalube, ta sake juyawa. Can ta zare shi ta ajiye a kan tebur ta ce, “Wannan na wata ne. Ku mayar mata kar ta yi ta nema.”

Na ce naki ne, Mama, gyara shi aka yi. Ta ce, “Nawa ya san hannuna.” Daga nan ta juya fuska bango, ranar ko shayi ba ta sha ba.

Auta, wurin da kika cike ɗin nan ba rauni ba ne. Keken ɗinki ne ya ci shi. Kin manta yadda take buga wilin keken da tafin hannu in za ta tayar da shi? Zoben ne ke fara taɓa ƙarfen, ƙwas, sannan ƙafa ta ɗauka. Shekara da shekaru, tun daga rasuwar Baba har kika gama makaranta. Ni ma ban taɓa tunanin abin ba sai da na ga yatsanta na neman wurin bai samu ba. Ashe ba zoben take murzawa ba duk tsawon nan, wannan gefen take murzawa.

Ban ga laifinki ba. Da ni ce ma cewa zan yi a cike. Mu duka so muke mu mayar da ita sabuwa.

Na dawo miki da shi, don in ta gan shi a gidan hankalinta tashi yake, tana cewa mai shi za ta zo ta kira mu ɓarayi. Ki ajiye abinki, aiki ne mai kyau. Ki sa a hannunki.

Ya yatsan da ya ƙone?

Yayarki

*

Yaya,

Ina gaishe ki da ɗawainiya. Kin ji ni shiru, ban san abin da zan rubuta ba ne.

Da saƙon ya iso na zauna a bakin gado da akwatin a cinyata har hasken taga ya gushe. Na ji haushin tsohuwar da ba ta hana ni ba, na ji haushinki da kika faɗi gaskiya, na ji haushin Mama, Allah ya yafe mini. Daga baya duk ya wuce, sai kewa kawai.

Ranar hutu na hau jirgin ƙasa na koma garin. Tsohuwar na ganina ta gane ni. Na nuna mata zoben, na yi mata alamar ɗinki da hannu da ƙafa, a tsakiyar shago, gaban sababbin masoya da ke auna yatsu. Suka yi ta kallona, ni kuwa ko a jikina. Ta miƙo mini magagari na rage gefen, amma da na shafa sai na ji ba shi ba ne. Cin magagari a miƙe yake, yana da kaifi a baki. Na Mama a kwance yake, ya ɗan karkata.

A ƙuryar shagon akwai wani tsohon injin murza azurfa mai wili na ƙarfe, girmansa kusan na keken Mama. Na roƙi takarda mai yashi na naɗe bakin wilin da ita. Na sa zoben a yatsana, ya zauna daram, ashe hannunmu ɗaya da ita ban taɓa sani ba. Na ja kujera na zauna, na buga wilin da tafin hannu.

Ƙwas.

Yaya, ƙarar nan ce. Ni ce ƙarƙashin keken ina tsintar ƙyallaye, ƙafafunta na hawa da sauka a gabana, tana cewa in matsa kar bel ya kama mini gashi. Ban san hannuna ya haddace bugun ba. Na yi ta yi, ƙwas, ƙwas, har masoyan suka gama suka tafi, tafin hannuna ya yi ja ya fara ɗurar ruwa. Sai tsohuwar ta tashi. Ta je bango ta ɗauko kujerar nan da ta janye ranar farko, ta ajiye a gefena ta zauna tana shan shayinta.

Ban kai shi injin gogewa ba. Na bar shi dusu-dusu yadda yake.

Ga shi nan. Ban ce zai yi ba. In ta ƙi, kar ki ɓoye mini. Wannan karon ba sai kin ce ni na yi ba, ta dai karɓa ta ci abinci, ke ma ki huta.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Gaisuwa a gurguje, mai kai saƙo na jira.

Ta karɓa. Yatsanta ya je wurin kai tsaye ya tsaya. Ta yi ajiyar zuciya ta ce, “A ina kika gan shi?” Na ce ƙarƙashin gado. Ta ce, “Na gaya miki ki riƙa shara da kyau.” Ta cinye abincinta tas, har ta nemi ƙari.

Kin ce kar in faɗa, amma bakina bai iya ba. Da yamma ina taje mata kai na ce, “Mama, Auta ce fa ta gyara miki shi. Da wuta da guduma, da hannunta.”

Ta juyo ta harare ni, irin hararar da kika sani. Ta ce, “Kina hauka? Kika bar Auta ta taɓa wuta? Yarinyar da ko ashana ban yarda ta riƙe ba?” Sai ta dubi ƙofa ta ce, “Har yanzu ba a tashe su daga makaranta ba? Ki rufe mata abincinta, kin san in ya huce ba ta ci.”

Na rufe miki, Auta. Yana kan tebur. Kullum da yamma sai ta tambaya ko kin dawo.

Yayarki