Bayis ɗin Yaya Hudu

Dutsin-Ma, Yuli 1961

Zuwa ga Yaya Rekiya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Malam Rabe da yara. Ki gaishe mini da mahaifiyarmu Inno, amma kada ta ji abin da ke cikin takardar nan.

Ran kasuwa na sayi tsohon bayis wurin wani dillalin ƙarafa, Ɗanjuma mutumin Birchi. Bayis shi ne ƙarfen nan mai baki biyu da ake ɗaurewa a teburin aiki, a murɗa ya cije abin da ake gyara. Na daɗe ina neman irinsa saboda gyaran kekuna. Tsatsa ta ci shi, bakin ya ƙi buɗuwa. Na jiƙa shi a kananzir, na kankare, na bi shi da samfefa, na shafa wa zaren giris har ya soma juyawa.

Yaya, da tsatsar ta fita sai ga layin tagulla a leɓen hagu, inda aka taɓa liƙe tsagewa. A gabana Yaya Hudu ya yi wannan liƙin. Na kifa shi, sai ga ɗigo uku a jere a gindinsa, shaidar da yake buga wa duk kayan aikinsa.

Nasa ne, wanda ya tafi da shi Bukuru. Kin san ko aro ba ya ba da shi. Shekara biyu babu saƙonsa, yau ga ƙarfensa a kasuwa. Tun da na gani abinci ya ƙi shiga.

Akwai kuma wani maɗauki na fata da aka ɗinka a jikin hannun murɗawa. Ban gane amfaninsa ba.

Birchi ta fi kusa da ku. Don Allah ki bincika inda Ɗanjuma ya samo shi.

Ki huta lafiya.
Ƙanenki, Sabitu

Kurfi, Yuli 1961

Sabitu,

Ina gaishe ka, kai da matarka Lauratu. Kowa lafiya. Ka daina yi wa mutum zaman makoki tun ba ka ga kabarinsa ba.

Na kai wa Mairo, matar Ɗanjuma, man gyaɗa, na zauna har mijin ya shigo. Da farko ya ƙi magana, wai kada in ja a dawo masa da kaya. Sai da na rantse masa.

Ba a Bukuru ya saya ba. A bayan garin Katsina ne, bakin hanya. Ya ce mai kayan dogo ne, mai wushirya. Bai miƙa masa ba, a ƙasa ya ajiye ya ja da baya, hannuwansa cikin riga har suka rabu. Na ce wane wuri ne wannan? Ya kau da kai ya ce, “Kusa da ƙauyen nan da ake jinyar masu babban ciwo.”

Da na ji dogo mai wushirya na yi hamdala. Da na ji sauran, ban san yadda na iso gida ba. Inno ta ce me ya sami idona, na ce hayaƙi ne.

Ka je ka gani da idonka. Kada ka faɗa wa Lauratu inda za ka.

Allah Ya kiyaye hanya.
Yayarka, Rekiya

Dutsin-Ma, Agusta 1961

Zuwa ga Yaya Rekiya,

Gaisuwa da fatan alheri. Na je, na dawo.

Shi ne. Kuturta ce.

Na tarar da shi gindin wata bedi yana nuna wa wani yadda ake ɗaura ƙotar fartanya, da baki, don hannu ba ya yi. Yatsun dama sun tafi, saura babban. Na hagu sun lanƙwashe. Fuskarsa ba ta sake sosai ba.

Ya dube ni ya ce, “Wa ya gaya maka?”

Na ce, “Bayis ɗinka ya zo hannuna.”

Ya yi dariya ya ce, “Duk faɗin ƙasar Katsina?” Na tambaye shi amfanin maɗaukin fatar nan. Ya ce da yatsu suka daina riƙo, wuyan hannu yake zurawa ya ja. Haka ya yi ta aiki a Bukuru har wani ya lura, masu kawo gyara suka ɗauke ƙafa.

Yaya, ban ba shi hannu ba. Na so, wallahi, hannun ya ƙi tashi. Ya gani. Shi da kansa ya ce in zauna can kan kututture, wai tabarmar ta jiƙe. Tabarmar a bushe take.

Malamin asibitin ya ce akwai ƙwayar da ke tsayar da ciwon, kuma ba a ɗaukarsa a jikin ƙarfe. Na ji shi. Amma kullum da safe sai na duba fatata ko akwai wani fari-fari, in tsikari yatsuna da allura in ji ko suna ji. Bayis ɗin na rufe shi da buhu. Lauratu ta soma tambaya.

Yaya Hudu ya ce kada Inno ta sani. Ya ce in ta matsa, a ce mata ya rasu a Bukuru. Ni ba zan iya ba. Me za mu yi?

Ƙanenki, Sabitu

Kurfi, Agusta 1961

Sabitu,

Ina gaisuwa. Takardarka na karanta ta a bayan rumbu, na ƙona.

Ba za a ce ya rasu ba, ba kuma za a ce komai ba. Da kaka za a ɗaura auren ’yata Zinariya, kuma tana son yaron. Ka san dangin mijin, har kakan kaka suke bincikawa. In suka ji akwai wannan ciwo a gidanmu sun fasa, ƙannenta ma babu mai zuwa nemansu. Ko Malam Rabe ban faɗa wa ba, kuma ban san yadda zai dube ni ba in ya ji.

Ka ce mini marar imani in ka so. Ni na goyi Zinariya, Hudu kuma shi ya goye ni. Ba na barci.

Ka aika masa da riga da sabulu. Mu yi shiru har bayan biki.

Allah Ya rufa asiri.
Rekiya

Kurfi, Satumba 1961

Sabitu,

Gaisuwa a gaggauce. Direban da ya kawo maka wannan ba zai jira amsa ba.

Mairo ta zo jiya, ina wajen niƙa. Ta yi wa Inno ya mai jiki, tana nufin Hudu, a zatonta ta sani.

Inno ba ta yi kuka ba, ba ta yi mini faɗa ba. Ta ƙulle gero da kuka da ludayinta a tsumma. Na riƙe mata zane na ce, Inno, ki tuna da Zinariya. Ta ce, “Mutumin da ba shi da yatsu, wa ke dama masa fura?”

Ta hau motar Katsina da hantsi, a gaban kowa, kuma duk wanda ya tambaye ta sai ta faɗa masa inda za ta.

Ba ta san hanya ba, Sabitu. Ka rufe rumfa ka bi ta.

Rekiya