Tsakanin Ƙarfe Ɗaya da Ƙarfe Uku

Litinin, 1 ga Yuli

Alhamdulillahi, ba rufe kamfanin wankin za a yi ba. Tun jiya gabana ke faɗuwa da aka ce Manaja na son ganin kowa, 'yan safe da 'yan yamma. Ashe allo ya kafa mana a gefen sikeli. Daga yau duk zanin gado da tawul da bargon da aka wanke za a auna a rubuta, namu a dama, nasu a hagu. Ƙarshen wata ɓangaren da ya fi kilo shi zai zauna. Ɗayan kuwa a sallami rabinsa, sauran a haɗe su da wanda ya ci, aiki ya koma lokaci ɗaya; shugabarsa ce farkon fita.

Gaskiya na ji sanyi a raina. Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da 'yan safe, ba a taɓa cin mu da aiki ba. Sai da na ɗaga kai na ga wadda ke tsaye a ɗaya gefen allon sannan na tuna ko wace ce shugabar 'yan yamma. Auta. Ƙanwata, ciki ɗaya. Ni na kawo ta wurin nan, ni na koya mata ninke zanin gado ba tare da ya taɓa ƙasa ba.

Ba ta kalle ni ba, ni ma ban kalle ta ba.

Talata, 2 ga Yuli

Mun wuce su da kilo sittin. Na ci abinci sosai yau.

A gida kuwa ba abin da ya canja. Na tashi aiki ƙarfe ɗaya, na iso gida biyu saura kwata, na tarar Auta ta yi wa Baba wanka ta ba shi magani. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye haka muke yi: ita da shi da safe, ni da shi da yamma. Ta miƙo mini mukulli a bakin ƙofa, ta ce ya ci rabin abincinsa, a juya shi ƙarfe huɗu. Ta tafi ta kama aikinta na ƙarfe uku. Ba maganar allo ko ɗaya.

Alhamis, 4 ga Yuli

Inna Mai Guga ce ta kawo maganar. Ta fi kowa daɗewa a wurin nan, kuma bakinta ya fi dutsen gugarta zafi. Ta ce, "Shugaba, har yanzu loda musu inji za mu riƙa yi? Da hannunmu za mu kori kanmu?"

Tun kafin zuwana haka ake yi: kafin mu tashi ƙarfe ɗaya mu cika injuna huɗun nan mu kunna, su yi ta juyawa su kaɗai. 'Yan yamma in sun shigo ƙarfe uku sai dai su kwashe. Su ma in za su tashi su bar mana haka. Ba a rubuce yake ba, ba kuma wanda ya taɓa cewa wani na gode. To yanzu wanda ya kwashe shi ake rubuta wa kilo.

Duk suka zuba mini ido. Na san abin da suke jira su gani, ko ni tasu ce ko ta ƙanwata. Na ce daga yau kowa ya loda nasa. Har tafi aka yi mini.

Na ji daɗin tafin, kar in yi wa kaina ƙarya.

Juma'a, 5 ga Yuli

Mun tarar da injuna wayam da safe, ga tulin barguna masu wuyar bushewa an tara mana a gaban ƙofa. Kai, yarinyar nan! Wa ya koya mata? To, wa kuwa.

Da rana a bakin ƙofa ta ce, "Yaya, na bar miki tukunya a cike. Ni ba na bar wa mutum wayam." Na ce ta bi a hankali kar bas ya wuce ta.

Lahadi, 7 ga Yuli

Wannan a nan kawai zan faɗe shi. Ina yanke wa Baba farce sai na kama kaina ina tunanin in Auta ta faɗi, ai Baba ya samu mai zama da shi yini guda, ni kuma in huta da gudun bas. Har na fara tsara yadda zan lallashe ta. Astagfirullah. Baba ya ce, "Babba, farce na ce ki yanke, ba yatsa ba."

Laraba, 10 ga Yuli

Na gode Allah. Na gode Allah.

Na iso gida yau na tarar da ƙofa a kulle, mukulli ƙarƙashin tukunyar fure. Na buɗe, gado ba kowa. Ban san lokacin da jakata ta faɗi ba. Sai na ji rediyo daga bayan gado. Baba ne zaune a ƙasa, jingine da bango, ƙafarsa marar lafiya ta lanƙwashe ƙarƙashinsa. Wai ruwa ya miƙa hannu zai ɗauka ya zame. Ya fi rabin sa'a a nan. Na duba shi tun daga kai har ƙafa, ba karaya, ba jini, sai ɗan kurjewa a gwiwar hannu.

Ya ce, "Ban ji ciwo ba. Ƙasan ma ta fi katifar sanyi. Amma ku biyun nan, wace ce ke bakin aiki a kaina ɗazu?"

Na kira Auta ina ihu. Ta bari na gama tas, sannan ta ce, "Yaya, wa zai loda mini inji? In ban je ƙarfe ɗaya da rabi na loda da kaina ba, sa'a biyu muke asara. Mutum tara ke kallona." Ashe tun ranar Litinin take fita da wuri, takan jera masa ruwa da rediyo kusa da hannu, ta dawo da mukulli inda zan gani. Kwana biyu ina ganin mukullin a nan, ina cewa ko shago ta leƙa kafin bas.

Na buɗe baki in ce mata mahaifinta ya fi kilo. Sai na rufe. Ni ce na kashe injin.

Alhamis, 11 ga Yuli

Baba lafiya lau, har da tsokanar wai a bar masa matashin kai a ƙasa saboda gaba. Ban yi dariya ba.

Juma'a, 12 ga Yuli

Na yi. Da aka tashi na ce na manta wayata, na koma ciki. Inji huɗu na loda musu ni kaɗai, minti ashirin, bayana kamar zai tsinke. Dogo makanike yana kwance ƙarƙashin injin busarwa, ƙafafunsa kawai ake gani. Shi ba na safe ba ne, ba na yamma ba, duk wanda injinsa ya tsaya nasa ne. Daga can ƙasa ya ce, "Ni ban ga komai ba, Hajiya. Amma na uku ƙofarsa sai an danna da gwiwa."

Tun da safe na aika wa Auta saƙo: ki zauna har in iso. Ta amsa da "to" kawai.

Na samu bas na gaba, na iso biyu da 'yan mintuna. Tana nan zaune gefen Baba. Numfashin da na sauke a bakin ƙofar nan, rabona da irinsa tun ranar da aka kafa allon.

Litinin, 15 ga Yuli

Mun tarar da injuna a cike da safe. Kowa ya yi kamar bai gani ba, aka kwashe aka auna.

Laraba, 17 ga Yuli

Sun gane. Tazarar ta ragu zuwa kilo ashirin, kuma ba wanda ke manta waya kullum. Wata daga cikin masu ninki ta faɗa da ƙarfi don in ji: "Jini dai jini ne, mu kuwa bare ne." Ya yi mini zafi. Yarinyar da na tsaya mata sau biyu a gaban Manaja! Inna Mai Guga kuwa ta ci gaba da gugarta kamar ba ta ji ba, wanda ya fi komai ba ni tsoro.

Kuma suna da gaskiyarsu. Mutum tara ne su ma, kowa da bakin da yake ciyarwa. In muka faɗi da ɗan abin da nake lodawa, da wane ido zan kalle su?

Duk da haka na loda.

Alhamis, 18 ga Yuli

Yau na yi dariya har da hawaye.

Na koma "neman waya", sai na ji motsi a bayan injin busarwa. Na leƙa. Inna Mai Guga! Durƙushe, tana kwashe audugar da ke toshe matata, wadda in ba a cire ba kaya ba sa bushewa da wuri. Wa take gyara wa? 'Yan yamma. Muka tsaya muna kallon juna, ni da bargo a hannu, ita da auduga har gira.

Ta ce, "To me? Mijin 'yata ne ke kan injin nan da yamma. In aka kore shi gidana za su dawo su shida. Ke kin san cin yaran nan?"

Na ce, "Inna, ba ke kika ce kar a loda ba?"

Ta ce, "Na faɗa a matsayina na 'yar safe. Wannan kuma suruka ce ke yi."

Muna cikin haka ƙofa ta buɗe, sai ga mai ninkin nan ta jiya, mai maganar jini. Wai ta manta lema, ana wannan rana. Ashe ita da wata 'yar yamma ɗaki ɗaya suke kwana, tun suna makaranta suke tare, kullum takan ware mata tawul daban don ta samu sauƙi. Dogo ya fito daga ƙarƙashin inji ya ce shi dai a yi masa bayani, yaƙin nan wa ke yi da wa, don shi kullum bayan an tashi wurin ya fi cika.

Minti bakwai muka loda huɗun. Na samu bas ɗina na farko.

Talata, 23 ga Yuli

Yanzu a fili muke lodawa, su ma haka. Amma kar a ce an daina gasa. Ina! Da safe gudu muke kamar ana bin mu, kuma da na ga sun wuce mu da kilo biyar jiya sai da abinci ya fita raina. Ina son Auta, ina kuma son in ci ta. Duka biyun a ciki ɗaya suke zaune, ba wanda ya kori wani.

Dogo ya ce ya shiga wurin Manaja da kansa. Ya nuna masa a allo yadda aikin duka ya zube a makon da aka daina lodawa, ya kuma faɗa masa injunan nan tsofaffi ne, in aka tara musu aikin yini a lokaci ɗaya sai dai a kira 'yan gwangwan masu sayen mataccen ƙarfe. Manaja wai ya cire tabarau ya goge.

Laraba, 31 ga Yuli

Kilo tara. Sun ci mu da kilo tara. Inji ɗaya kilo talatin yake ɗauka.

Ban iya kallon mutanena ba. Inna Mai Guga ta dafa ni ta ce, "Tare muka loda." Gobe ko jibi za a faɗi sunaye.

Juma'a, 2 ga Agusta

Ba a sallami kowa ba. Ba kowa! Manaja ya karanto takarda daga sama: ɓangare biyu za su zauna yadda suke, tunda injunan ba za su ɗauka ba. Sai da na zauna a kan buhun tawul. Inna ta rangaɗa guɗa, mai ninki ta rungume ƙawarta, Dogo ya ce a cire allon nan ya samu abin rufe taga.

Sai Manaja ya ce saura abu ɗaya. Shugaba ɗaya za a bari a kan duka biyun, ta ɓangaren da ya ci. Ni zan koma kan inji, da safe, kamar kowa.

Auta ta kalle ni a karo na farko a wurin nan tun wata guda, idonta ya cika. Na ce mata, "Me kike kallo? Je ki sa hannu." Muryata ta fito daidai, na gode Allah.

A bas na yi kuka kaɗan. Shekara goma sha ɗaya.

Asabar, 3 ga Agusta

Baba ya tambaya wa ya ci. Na ce Auta. Ya ce, "To madalla, ni dai a daina ajiye ni a ƙasa." Auta ta ce ta roƙi Manaja ta ci gaba da zuwa ƙarfe uku, sai ranar Litinin kawai za ta leƙo da safe, maƙwabciya ta yarda ta zauna da shi. Ta yi ta zagaye-zagaye tana son ta ce wani abu. Na ba ta albasa ta yanka.

Litinin, 5 ga Agusta

Ta zo da safe da takardar rabon aiki a hannu. Ta bi kowa da nasa. Da ta zo kaina ta tsaya, ta ce, "Yaya, inji na uku." Na ce to. Na je na danna ƙofarsa da gwiwa.

Injin busarwa ya tsaya ƙarfe goma, kowa ya juyo yana kallona yadda aka saba. Na nuna musu Auta na ci gaba da lodina. Wani abu ya sauka daga kafaɗata wanda ban san ina ɗauke da shi ba. Ba wai daɗi na ji ba. Gajiya ce kawai ta yi sauƙi.

Rabon nata akwai kuskure ɗaya, ta sa mutum biyu a guga alhali ɗaya ya isa. Ban faɗa ba, gobe za ta gani da kanta. Da muka fito wani direban motar kaya ya ce mini, cikin raha wai, "Hajiya, yanzu 'yar yarinyar nan ce ke juya ki?" Ban san lokacin da na tsaya ba. Na ce masa ya iya bakinsa, shugabata ce.